Surukina Zai Jefa Cibiyar Ɗana a Teku

Doña Casilda, barka da aiki. Ki taimake ni kafin na faɗa wa wani dattijo maganar da ba a mayar da ita ciki. Karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Ni ɗan Rincón ne, a bakin teku aka haife ni. Matata Yamile 'yar Medellín ce, hutu ya kawo ta garinmu muka haɗu. Da mahaifiyarta ta rasu, babanta Don Evaristo ya sayar da shagon kujerunsa ya sayi jirgin ruwa mai tafiya da iska, wai ya gaji da ƙasa. Yamile ta ce ba za ta bar tsoho shi kaɗai a kan ruwa ba, shi ya sa muka tare a jirgin. Tun bara muke yawo daga wannan gari zuwa wancan.

Kin san irin mutanen nan masu yawo a jirgin ruwa? Su jefa anka, ƙarfen tsayar da jirgi, a Cartagena, su sauka da gajeren wando, fatarsu ja wur kamar dafaffen jatan lande, su ɗauki hoton ƙofar gidan mutane ba tare da sun gaida matar da ke zaune a bakin ƙofar ba. Da yamma su taru a jirgin ɗayansu, hirar ba ta wuce batir da toshewar masai. Washegari ka ji suna cewa sun san garin. A Portobelo surukina ya yi mako bai san sunan mutum ɗaya ba, sai na karen wani Bafaranshe. Duk wannan na haɗiye. Ni ke jan igiya, ni ke soya kifi, shi kuma ya sa farar hula yana kirana "matuƙina" a gaban baƙi. Ban taɓa tanka masa ba.

Yanzu cikin Yamile ya tsufa. A gidanmu, idan cibiyar jariri ta faɗi, a bayan gida ake binne ta a dasa kwakwa a kai. Tawa tana nan, ta ubana tana nan, har mahaifiyata ta sa kwakwar jikanta ta tsira a gindin tulu. Da na faɗa wa Don Evaristo, dariya ya yi har da buga cinya. Ya ce, "Haba matuƙina, jikan nawa rogo ne da za a dasa shi? A teku za mu jefa, yaro ya tashi ɗan duniya." Na ce, "Don Evaristo, a garinmu ɗan duniya ba yabo ba ne." Ya ce in kawo masa ƙanƙara.

Shirinsa a haihu a asibitin Cartagena, da an sallame su a ɗaga anka zuwa Panama. A can tsakiyar ruwa cibiyar za ta faɗi, inda ko tsuntsu ba ya sauka. Yamile kuwa, in na tayar da zancen sai ta ce kanta na ciwo. Mutumin da ba shi da ko maƙwabcin da zai zo jana'izarsa shi zai faɗa min inda ɗana zai kira gida? In ɗauke matata ƙarfi da yaji, ko in zuba ido?

Ɗan Rincón mai jan igiya

*

Ɗana, na karanta, kuma na yi dariya inda ka so in yi. Surukinka ya yi wauta. Wanda aka kawo wa al'adar gidan wasu ya buga cinya, tarbiyyarsa ya nuna, ko da farar hula goma ya sa. Kuma jinjiri ɗan kwanaki ba kayan tsallaka teku ba ne. Wannan ba sai kun yi musu ba, ku tambayi ungozoma a gabansa, ita za ta tsayar da jirgin.

Amma kai ma ba ka fita ba. Ka ce kana haƙuri, ni kuwa raini na gani an rufe shi da murfi. Kana tsammanin Yamile ba ta ganin fuskarka idan ubanta ya buɗe baki? Ka bayyana min shi tsaf, har launin fatarsa, amma ba ka faɗa min abin da matarka take so ba, domin ba ka tambaye ta ba, sanar da ita kake yi. Ciwon kan nan sunansa miji da uba. Tsohon kuma da ka ce ba shi da maƙwabci, matarsa ya binne. Wataƙila shi ya sa ko zancen haƙa rami ba ya son ji.

Kada ka ɗauke kowa da ƙarfi. Ka sauka da Yamile ku biyu, ku zauna inda ƙasa ba ta motsi, ka tambaye ta, ka kame bakinka har ta gama. In ta yarda, ita za ta gaya wa ubanta cewa daga asibiti Rincón za a nufa, ta yi jego a hannun mahaifiyarka. Jirgi ya jira a gaban gari, Panama ba guduwa za ta yi ba.

Sannan ka je wurin Don Evaristo, ba da murmushin raini ba, ka roƙe shi a matsayinsa na kaka ya zama shi zai sa cibiyar a rami da hannunsa. In ya ƙi, kun binne abinku, bai rage ku da komai ba. In ya karɓa, to ka shirya ganinsa a ƙofar gidanku duk shekara, ya zo duba tsawon kwakwa.

Allah ya sauki Yamile lafiya, ya raya abin da za a samu.

Doña Casilda