Da Hannuna Na Rubuta

Zuwa ga ɗana Japhet,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Joyce da yara, yaya girbin dawa?

Ina Kaduna lafiya. Kun yi mini dariya ranar da aka ɗauki hoton cikin idona a ƙaramin asibitinmu na Rikoto, aka tura wa likita ta waya. To, a hoton nan ya gano ciwon suga ya fara cin idon. An yi mini aiki. Na hagu yana ɗan hazo, ba komai. Na dama garau yake, godiya ga Allah.

Babanka ma yana da suga, amma wai idon tsohon soja ba ya lalacewa. Wannan taurin kai ne. Ka kai shi asibitin ranar Laraba a ɗauki hoton idonsa, ba na son uzuri.

Dubi rubutun nan da kyau. Ba wanda ya riƙe mini biro.

Mahaifiyarka,
Keziah