Jif Ɗin da Aka Ɗaga

Asabar, 2 ga Agusta, 2025

Jif ɗin marigayi ba ta kwana a gida ba. Na tambayi Rauda, ta ce yayanta ya kai ta garejin Badaru, wai za a ɗaga ta. Na ce a ɗaga ta zuwa ina? Ta ce, "Sama mana, Mama." Za a canza mata sifirin da shokazoba, a sa mata manyan tayoyi.

Shekara goma sha huɗu mahaifinsu yana hawan motar nan yadda aka ƙero ta, bai taɓa cewa ta yi masa gajarta ba. Yaran yanzu ko abin gado sai sun yi masa gyaran fuska.

Shi ban tambaye shi ba. Ba na tambayarsa komai kai tsaye. Ɗan fari ne. Ranar da aka yaye shi Inna, mahaifiyata, ta ɗauke shi zuwa ƙauyenmu da ke bayan garin Babban Mutum, can ya girma sai da ya isa sakandare. Shekararsa talatin da ɗaya, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, kuma tun yaye hannuna bai taɓa nasa ba. Haka Inna ta koya mini. Abin da zan faɗa masa, Rauda ke kai wa.

Talata, 5 ga Agusta

Tayoyin sun iso daga Kano. Biyar, har da sifaya. An jingine su a zaure, mai shigowa sai ya karkace. Kowace ta kusa kai mini ƙugu, da haƙora kamar na tarakta. Gidan duk warin roba.

Na aika Rauda ta ce masa almubazzaranci ba ado ba ne, kuma Allah ba ya son mai ɗagawa. Ta dawo ta ce ya ce, "To." Kullum to.

Alhamis, 7 ga Agusta

Ruwa tun hantsi. Gwiwata ta hagu.

Lahadi, 10 ga Agusta

Badaru ya zo gaishe ni da kayan aikinsa baƙi ƙirin. Ya tsuguna a bakin ƙofa yana ba ni labarin da ban nema ba. Wai sun ɗaga ta inci huɗu, sun ɗaura tayoyin, da aka karya sitiyari sai ta gaba ta riƙa gurzar ƙarfen jikin motar. Dole suka yanke gefen madigadi, ƙarfen da ke saman taya.

Na ce, "Wato mota lafiyayya kuka kama kuka yanka don takalmi ya shige ta."

Ya yi dariya, ya ce, "Hajiya, in kika ga yadda take taka rairayi yanzu, sai kin sa mini albarka."

Na ce albarka ba a gareji ake rabonta ba. Na sa an ba shi fura.

Juma'a, 15 ga Agusta

Ta dawo. Ba kyau. Kamar raƙumi aka sa wa gilashi. Mutanen layi sun fito kallo, wanda dama shi ake so.

Da la'asar za mu gaisuwar rasuwa wajen Kusugu. Na fito da hijabina, an buɗe mini ƙofar baya. Dā ƙafa ɗaya nake ɗagawa in zauna. Yau bakin ƙofar ya kai mini tsakiyar cinya. Na gwada, zani ya hana. In kuwa na tattare zanin, maza na zaune a dakalin masallaci. Na sake gwadawa, gwiwa ta ƙi. Rauda ta turo ni ta baya, muka kusa zubewa tare.

Sai ya zagayo ya miƙo hannu.

Na kalli taya. Na ce wa Rauda ta tsayar mana da napep. Shi ya tsaya a wurin, hannun a miƙe, sannan ya sa shi a aljihu.

Mace mai mutunci ba ta rataye a hannun ɗan farinta a kan titi. Wannan ba abin tattaunawa ba ne.

Litinin, 18 ga Agusta

Rauda ba ta da sirri, bakinta kamar rariya. Muna tsince shinkafa ta ce, "Mama, kin san fa ba don burga ya yi ba." Ta ci gaba. Wai bara da damina, lokacin da Inna ta yi zazzaɓi, ya tafi ɗauko ta, motar ta zauna da ciki a ƙoramar da ke gaban ƙauyen. Wuni guda, sai da shanun huɗa suka jawo ta. Inna kuwa a amalanke aka fito da ita bakin titi, ruwa na dukanta. Ni an ce mini a mota ta zo. Wai tun ranar ya ce ba za a sake ba.

Na ce kyakkyawar niyya ba ta mayar da mummunan aiki kyakkyawa. Kuma ɓoye mini da aka yi, shi ma laifi ne.

Shinkafar akwai tsakuwa da yawa.

Laraba, 20 ga Agusta

Haddar Alƙur'ani. Wanki bai bushe ba.

Asabar, 23 ga Agusta

Ƙanena Jibril ya kira daga ƙauye. Inna kwana uku tana tari, numfashi da ƙyar, ta daina shan ko kunu. Kwana biyu ana ruwa a can, 'yan acaɓa sun daina haye ƙorama. Ya ce, "Yaya, in da hali a zo da mota gobe. Kuma ki zo da kanki, ke take kira."

Na ce wa Rauda ta gaya wa yayanta. Ashe har ya sha mai.

Lahadi, 24 ga Agusta

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari.

Da safe na sa Rauda ta kife turmi a gindin motar, na aike shi ciki ya ɗauko bargo. Kafin ya fito na taka na shige. Rauda ta zauna tsaron gida. Muka kama hanya daga Daura zuwa Babban Mutum. Tayoyin suna gurnani a kwalta kamar injin niƙa, kuma a kowace kwana motar sai ta yi tangaɗi. Da muka sauka daga kwalta, gaskiya, ta bi taɓo ba ta tsaya ba. Ƙoramar ruwanta iya gwiwa, ta ratsa.

Inna ta rame. Da ta ji ƙarar motar ta buɗe ido, ta gan shi ta ce, "Angona, da wace amaryar ka zo mini, mai dogayen ƙafafu?" Ya ce, "Ke dai tashi, tsohuwa, kada ki mutu ki bar ni gwauro." Ya ɗauke ta cak ya kwantar a kujerar baya. Jibril ya shiga ya tallafe kanta. Ni na hau da turmin gidan, na zauna gaba.

A dawowa ruwan ya ƙaru, kuma ya cinye gaɓar da za mu hau, ta zama a karkace. Ya tsaya, ya sauka ya duba. Ya dawo yana magana da Jibril, amma da ni yake. Wai mota in an ɗaga ta, saurin kifewa gare ta a gangare, kuma gefen da nake zaune shi ne zai yi ƙasa. A rage nauyi. Jibril ba zai saki Inna ba. Saura ni.

Sauka ba wuya, zamewa na yi. Na bi ta sama inda ruwan bai da zurfi, na haye da ƙafa, takalmi a hannu. Motar ta shiga, ta karkata har na ga cikinta, na yi salati. Ta haye.

To, a can gefen ba turmi. Ba dutse, ba kututture, sai taɓo da gero. Hadari ya haɗo daga gabas. Na kama ƙofa na ɗaga ƙafa, santsi ya kwashe ta. Sau biyu. Ina jin numfashin Inna daga waje, kamar ana jan zarto.

Ya zagayo. Ya miƙo hannu, kansa a ƙasa.

Na ce wa Jibril ya sauko. Ya ce, "Yaya, in na sake ta, shaƙewa za ta yi."

Sai muryar Inna, ƙasa-ƙasa: "Ke Rahmatu. Kunyar ce za ta kai ni asibiti?"

Na ce, "Ke kika koya mini."

Ta ce, "Na koya miki. Ban ce ki kashe ni da ita ba."

Na kama. Ya ɗaga ni sau ɗaya, kamar ba nauyi. Ya rufe ƙofa. Ruwa ya sauko kafin mu kai kwalta.

A asibiti an ba ta gado. Sun ce sanyi ne ya kama mata huhu, kuma da an ƙara kwana da labari ya bambanta.

Talata, 26 ga Agusta

Inna ta sha kunu rabin kofi, ta yi wa nas faɗa a kan allura. Sauƙi ke nan.

Ra'ayina a kan motar bai canza ba. Muni dai tana da shi, ga ƙara, kuma an yanka abin da marigayi ya bari lafiya lau.

Tafin hannunsa duk kanta. Ban san yaushe ta fito masa ba. Na ƙarshe da na sani, hannun bai cika tafina ba.

Rauda ta kawo saƙo: wai gobe yayanta zai kai wa Badaru motar ya yi waldar matakala a gefen da nake shiga, don in riƙa hawa da kaina. Na ce ta ce masa ana zirga-zirgar asibiti safe da yamma, ba a kai mota gareji yanzu. Walda ma da damina ba ta kamawa da kyau, haka nake ji.

Ya bari sai kaka.