A Nuna Wa Mahaifiyata Ƙarshen Silimar Nan

Zuwa ga Mushe Direkta, mai gidan silimar da ke kusa da kasuwa, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni Isufu ne, mai ban ruwa a lambunan Gamkalle. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutuna.

Na ɗaya. Ran Asabar na kai mahaifiyata gidanka, karonta na farko, muka kalli silimar matar nan da aka kulle da ɗiyarta a ɗaki. Ba ta jin Faransanci, amma ba ta nemi fassara ba.

Na biyu. Na lura silima ɗaya kuke rabawa da wani gida, mai keke yana kawo bobin, wato faya-fayen silimar, ɗaya bayan ɗaya. Ran nan na ƙarshe bai iso ba. Hoto ya tsaya daidai inda uwar ke tona gindin bango da cokali, yarinyar na riƙe mata fitila. Ma'aikacinka ya ce a watse. Mutane suka yi ta ihu a kan tikitinsu. Ni ba wannan ya kawo ni ba.

Na uku. A hanyar gida ta faɗa mini abin da ban taɓa ji ba. Tana ƙarama aka kama su ita da uwarta, aka kai su wani zango a arewa. Ita an fanshe ta. Uwar an bar ta can, kuma har yau ba labari.

Tun ranar, Mushe, ba ta cin abin kirki. Ta daina zuwa sayar da latas. Na ce mata matar silimar da ɗiyarta sun tsira, ta tambaye ni ko na gani da idona. Ban gani ba. Na zo ƙofarka, mai gadi ya ce ka fita. Na sake dawowa, ya ce ran Juma'a za a ɗora silimar a kamyo, babbar motar kaya, a tafi da ita.

Roƙona guda ne. Kafin Juma'a a nuna bobin na ƙarshe, ko mu biyu kaɗai ne a kan benci. In ma ba su tsira ba, a nuna. Ta ce za ta iya ɗaukar kowane ƙarshe, rashin sani ne ya gajiyar da ita.

Allah ya ƙara maka girma, ya jiƙan magabatanka, ya bar ka da naka.

Wassalam,
Isufu, Gamkalle.