Ƙorafi Kan Lorin Mahaifina da Aka Mai Da Rumfa

Daga: Abduljalil Harun, bayan kasuwar hatsi, Gadarif
Zuwa ga: Mai girma Sayyid Babiker Awad, Shugaban Lijnar Unguwa
Kwanan wata: 17 ga Oktoba, 2022

Game da: Lorin marigayi Harun da halin da mai shi ya shiga

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe, ni mutum ne mai saurin cewa "to" idan na ci abincin rana. A irin wannan lokaci ne, ranar 3 ga Yuli, muhandis Mazin, injiniyan nan, ya zo da sunan lijna, wato kwamitin unguwarmu, neman aron lorin mahaifina, wanda ke tsaye a ƙofar gidanmu tun 2011 yana jiran gyara. Na zaci tayar da shi zai yi. Ga abin da aka yi a maimakon haka:

1. An cire tayoyin, an cika su da ƙasa, an shuka na'ana'a. An yi wa bodin rufin kara, an jera benci da randuna, leburorin yankan riɗi suna zama ciki suna jiran masu gonaki. Sitiyarin da marigayi ya riƙe har garin Basunda, yanzu moɗa ake ratayewa a jikinsa.

2. Kajin maiɗakina Zaituna, waɗanda suka saba yin ƙwai a kujerar direba, an tashe su ba tare da sanarwa ba.

3. Wannan shi ne babba. Muddin lorin yana kan tayoyinsa, ni mai lori ne da ke jiran kayan gyara daga Khartum. Da haka ake gaishe ni a masallaci, da haka na aurar da 'ya'ya biyu. Yanzu ni mutum ne kawai da ke zaune, kuma Zaituna ta lura. Ta sayo mini lauje. Ta ce tunda masu ɗaukar leburori har ƙofar gida suke zuwa, ranar Asabar zan bi su gona. Shekaruna hamsin da uku, bayana kuma ya girme ni.

Saboda haka ina roƙon lijna, cikin ladabi, ta mayar da tayoyin inda ta same su, ko ta naɗa ni wani muƙami a rumfar, ko da na mai kula da randuna ne, a rubuce, kafin Asabar.

Idan za a aiko da amsa, a same ni a benci na biyu cikin lorin, inda na rubuta wannan. Duk unguwar babu inda ya kai shi sanyi.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Abduljalil Harun
(mai lori)