Ba Zan Bari a Rufe Shafin Auta Ba

Anti mai wannan fili, ina gaishe ki. Don Allah ki taimaka mini da shawara, domin a gidana yanzu duk wanda na buɗe baki zan yi wa magana, da ɓacin rai muke rabuwa. Ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

'Yata ta ƙarshe, wadda muke kira Auta, ta rasu a farkon shekarar nan. Da ciwon sikila aka haife ta, kuma ban taɓa ganin mai ciwo mai tsokana irinta ba. Tana da shafi a intanet, irin wanda suke kira bulog, inda take rubuta yadda masu irin ciwonta ke rayuwa: layin asibiti, bencin ƙarfen da ke sa sanyi ya shiga ƙashi, ruwan zafin da nake zubawa a roba in naɗe da tawul in ɗora mata a ƙafa. Ni ma ba ta ƙyale ni ba. Ta taɓa rubuta cewa in ina matsa mata ƙafa ina waƙa, muryata ta fi ciwon azaba.

Da yake ciwon ba ya sallama in zai zo, sai ta saba in ta samu sauƙi ta zauna ta yi rubutu da yawa, ta jera su, ta sa wa kowanne ranar fitarsa. Ko tana kwance a gadon asibiti, rubutu yana fita da kansa duk Asabar da safe. Ni ban san da wannan ba. Asabar ɗin farko bayan rasuwarta wayarta ta yi ƙara a kan firiji, na duba, na ga wai Auta ta yi sabon rubutu. Yayarta ce ta yi mini bayani. Tun daga nan duk Asabar nake gama shara da wuri, in sa tabarau, in zauna a bakin gadonta in karanta a hankali ina bi da yatsa.

Ba mu sanar a shafin cewa ta rasu ba. Dangi sun sani, maƙwabta sun sani. Ni dai hannuna ya ƙi rubuta kalmar.

To, babban gidan talabijin ɗin da muke kallon labaransa tun yara suna ƙanana ya ɗauki sababbin ma'aikata. Da can masu rubutu a intanet 'yan zaman banza ne a wurinsu. Yanzu sun ware musu wuri a ƙarshen labaran yamma. Wani saurayi mai siririn gemu yana tsayawa gaban ƙaton allo, yana taɓa shi da yatsa, yana karanto abin da mutane suka rubuta. Aikin da aka ɗauke shi ke nan.

Wani yammaci ina guga a falo, baban yara yana kan kujerarsa, sai ga hoton Auta ya cika allon. Yaron ya karanta rubutunta kan yadda wasu ma'aikatan asibiti ke ce wa mai sikila ƙarya yake yi, allura ce kawai ya saba da ita. Sannan ya ce sun aika mata saƙo ta zo ta kare maganarta, ta yi shiru. Ya yi ɗan murmushi, ya ce haka masu rubutun intanet suke, su zargi mutane daga cikin ɗaki, in an kira su su ɓuya. Rigar da nake gogewa ta ƙone. Baban yara ya tashi ya zare wayar talabijin ɗin daga bango, ya fita ko takalmi bai sa ba.

Saƙon nasu yana nan cikin wayarta. Ba na buɗe saƙonninta, ba ni aka aiko wa ba.

Washegari ƙasan rubutun ya cika da zagi: matsoraciya, maƙaryaciya, mai neman suna. Na ɗauki wayarta na rubuta a wurin da kaina cewa ni ce uwarta, ta rasu, ba ɓuya ta yi ba, kuma maganar allurar nan a gabana aka faɗa mata, tana murƙususu a kan benci. Yayarta ta ce akwai kurakurai a rubutun, bari ta gyara. Na ce a bar shi yadda yake.

Abin ya bazu. Sai ga wata mata, shugabar yaron, ta kira ni da murya mai laushi. Wai in zo situdiyonsu, in taho da hotunanta na asibiti, in ba da labarin kwanakinta na ƙarshe, su kuma su ba da haƙuri a cikin shirin. Na ce mata wanda ya tsaya gaban allo ya ce ta ɓuya, shi zai koma gaban allon ya ce ta rasu, ba sai an haska hawayena ba. Ta ce za su duba. Har yau suna dubawa. Shi yaron ya aiko mini da saƙon murya, wai yana kan gwaji ne, ana iya sallamarsa. Na tausaya masa, ɗan wata ne. Amma a gaban duniya ya ci mutuncinta, a cikin waya ya ba ni haƙuri.

Babbar damuwata dai a gida take. Baban yara ya ce a rufe shafin gaba ɗaya, wai mamaci addu'a yake buƙata ba gardama da baƙi ba. Wansa ya zo ya goya masa baya, har yana ce mini na hana yarinya hutawa. An umarci yayarta, da yake ita ce mai lambar sirri, ta goge komai kafin Asabar mai zuwa. Tun da aka yi aurenmu ban taɓa ja da maganarsa ba, amma wannan karon na ce a'a. In aka rufe, waɗanda suka ce ta ɓuya sun yi gaskiya ke nan. Yayarta ta ce za ta iya gaya mini rubutu guda nawa suka rage, na toshe kunnena. Ba na so in sani, ba na kuma so in karanta kafin ranarsu.

Anti, taurin kai nake yi? Ki faɗa mini gaskiya. Amma ki sani, ko me za ki ce, situdiyon nan ba zan taka ba.

Uwar Auta

AMSA

Uwar Auta, Allah ya jiƙan 'yarki, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashinta. Rubutunki ba ya buƙatar neman afuwa, na fahimci komai.

A kan gidan talabijin, kina da gaskiya. Gyara haƙƙinki ne, ba abin da za ki saya da hawaye da hotunan asibiti ba. Ki sa yayarta ta rubuta wa shugabar sashen gajeren saƙo: a faɗi cewa Auta ta rasu kafin a neme ta, a janye kalmar ɓuya, a wurin da aka faɗe ta, da bakin wanda ya faɗa. Ku ƙara da cewa ba korar kowa kuke nema ba. Yaron ya yi laifi, domin ya ga shiru ya yanke hukunci. Amma sabon hannu ne, kuma akwai manyan da ya kamata su duba maganarsa kafin ta fita. Kada su sauke nasu laifin a kansa shi kaɗai.

Sai dai ga wadda ba za ta yi miki daɗi ba. Shafin da ke fitar da sabon rubutu duk mako ba tare da sanarwa ba, kowa zai ɗauka mai shi tana raye. Wannan bai wanke murmushinsa ba, amma ƙofa ce da kuka bari a buɗe, kuma wani zai iya sake shigowa ta nan.

Maigidanki kuwa, ba ya cikin masu zagi. Ke kina da safiyar Asabar, shi abin da ya samu daga shafin nan shi ne wancan yammacin kawai. Ina ganin bakin masu zagi yake son rufewa, ba na Auta ba, ya rasa yadda zai raba su ne. To ki raba masa. A sa sanarwar rasuwarta a saman shafin, da kalmominki, a bayyana cewa ita ta shirya rubutun da ke fita. A rufe wurin sharhi, ta yadda ba wanda zai ƙara zaginta a can. A kwafe duk abin da ta rubuta a adana tun yau. Yayarta ta karanta waɗanda suka rage ita kaɗai, ko akwai inda aka ambaci wani da zai ta da rigima, sannan ta riƙe bakinta. Ki kai masa wannan tsarin ku biyu, ba a gaban wansa ba, ki roƙe shi ya janye umarnin gogewa. Kada ku bar 'yarku tsakaninku, ita ma ƙanwa ta rasa.

Ba taurin kai kike yi ba, kuma ban ga dalilin rufe shafin ba. Amma 'yar'uwata, rubutun nan zai ƙare. Ba sai kin san adadinsu ba. Ki dai yarda yayarta ta gaya miki a safiyar da na ƙarshe zai fita, don kada shirun ya zo miki ba sallama. Ranar kada ki zauna bakin gadon ke kaɗai. Ki kira babanta, ki karanta masa a bayyane, ko da zai juya fuska bango.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya haɗa kanku.