Gogen Perl

Litinin, 4 ga Maris
Makarantun Melbourne sun ci gaba, a yaba musu. Kisan Yahudawa miliyan shida, yanzu da fenti da buroshi ake koyar da shi, a tashi kafin ƙararrawar abinci. Malamar su Dalia, jikata, ta ce kowa ya zana mutum ɗaya cikin waɗanda aka kashe. Sauran yara daga littafi za su zaɓa. Dalia kuwa tana da ni.

Alhamis, 7 ga Maris
Ta same ni a rumfa ina jera safa. Bobe take ce min, wato kaka a yarenmu. "Bobe, sunan wa kika ci?" Ta san mu Yahudawa ba ma sa wa jariri sunan mai rai. Na ce Perl, ƙanwar Mama, a garin Lodz. Wai yaya take? Shekara arba'in ina sayar da safar Sin da sunan ulun Tasmaniya, bakina bai iya "ban sani ba" ba. Na ba ta Perl doguwa, mai jan gashi, mai goge. Har ta yi ƙwalla.

Juma'a, 8 ga Maris
Mama ta kai tamanin da shida kafin ta rasu. Ko sau ɗaya ban tambaye ta ba. Kullum ina sauri.

Lahadi, 7 ga Afrilu
Zanen ya yi kyau, abin haushi. Wani yaro a ajinsu ya ce duk labarin ƙirƙirar Yahudawa ce. Dalia ta ce a gabansa za ta kafa Perl, ya musanta in ya isa. 

Laraba, 10 ga Afrilu
Na je gidan tsofaffi wurin Hershl, maƙwabcin su Mama a Lodz. Casa'in da biyar. Dariya har da tari. "Goge? 'Yar nan, kifin gishiri take sayarwa. Gajera, ga baki. Babban yatsanta ba ya sauka daga kan sikeli." Ya ce an ba ta hanyar gudu ta ƙi, saboda uwarsu ba ta iya tafiya. Shekararta sha tara. Sauran bai faɗa ba, ko bai sani ba.

Alhamis, 11 ga Afrilu
Na faɗa wa Dalia gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗauki zanen ta fita.

Alhamis, 2 ga Mayu
Ranar tunawa, an baje zanuka. Ta sake nata: gajeriyar yarinya, gangar kifi, yatsa a kan sikeli. Fuskar ba a cike ba. Yaron ya daɗe a wurin, ban ji abin da ya ce ba. Dalia ta bar ni na riƙe mata jaka, shi ke nan.

Na rufe rumfa ranar Asabar, wai ƙafata ke ciwo. Littafin rubutu na saya, zan koma wurin Hershl. A shekara saba'in da ɗaya, wa ke koya wa 'yar kasuwa yin shiru ta saurara?