Yaron da Alƙali Ya Raba da Uwarsa

Ohayo, Amurka, 1989

Zuwa ga Iyata a Limancin Kona,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Baba da su Jamilatu. Yaya ƙafar taki? Mu lafiya lau, Malam yana ta karatunsa. Sanyi ne dai da kewa, amma mun gode Allah.

Iya, na ga abin da ya hana ni cin abinci. Ɗan maƙwabciyarmu, shekararsa goma sha shida, ya je kotu ya ce a raba shi da iyayensa, zai riƙe kansa. Wallahi alƙali ya yarda!

Na dafa shinkafa na kai wa uwar jaje, kamar yadda kika koya mana. Ina shiga na fashe da kuka. Sai ga matar nan ita ke lallashina! Wai ita ma ta sa hannu, ai yaron yana da aikinsa. Na ce, "To wa zai sa masa albarka?" Ta dube ni kamar na zautu.

Jiya kuma babban jikanki, wanda ko sunansa ba na iya faɗa don kunya, ya ce, "Umma, daga shekara nawa ake zuwa kotun?" Wai wasa yake. Ni ban yi dariya ba.

Don Allah ki sa a share ɗakin zaure. Da hutu jikan naki yana tafe, ya koyi durƙuso a gabanki.

Ki sa mana albarka, Iya. Mu har yanzu muna so.

'Yarki,
Sakinatu